Hanyar Gabas: Me Ake Zuwa Nema a Makka?

Tambayi tsofaffin Hausawan Kusiri ta Kamaru ko na Njamena ta Cadi, garuruwa biyu da kogi ya raba, yadda aka yi gidansu ya kafu a nan, za ka sha jin amsa guda: "Gabas aka nufa." Gidanmu ma haka ne. Kakana na wajen uba ya baro ƙasar Haɗeja da matarsa da jaki ɗaya da kayan dukancinsa, da niyyar sauke farali. Ya ratso Borno, ya ƙetare kogi, ya shiga garin da a lokacin ake kira Fort Lami, tun kafin a mayar da sunansa Njamena a 1973. A nan guzuri ya ƙare, matarsa ta haihu, damina ta rufe hanya. Ya ce sai baɗi. Baɗi ta zo, ya sake cewa sai baɗi. Ya rasu bai ga Ka'aba ba, aka binne shi a wannan gefen kogi, a Kusiri. Kakata ta daɗe a bayansa, kuma har ta koma ga Allah, in aka tambaye ta ko ita 'yar garin nan ce, sai ta ce, "A'a ɗan nan, mu a hanya muke."

Hanyar tsohuwa ce ƙwarai. Sarakunan Kanem, waɗanda daularsu take arewa maso gabashin Tafkin Cadi, suna zuwa hajji tun ƙarni na 12, kuma tarihin gidan sarautarsu ya ce Mai Dunama ɗan Hume ya je sau biyu, a tafiya ta uku ya nutse a teku. A ƙarni na 13 har makaranta da masauki mutanen Kanem suka mallaka a Alƙahira saboda ɗalibansu da alhazansu. Su ta Sahara suke bi zuwa Masar. Wadda kakanninmu suka bi kuwa gabas ta miƙe, ta Abeshe da Adre, ta shiga Darfur ta Jinaina da Fashir, ta kai Al-Ubayyid inda jirgin ƙasa ya iso a wajen 1912, daga nan sai bakin Bahar Maliya a Sawakin ko Port Sudan, a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Ta fi cika da jama'a bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa. A 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi yana kan hijira zuwa gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har bakin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har yau a Sudan. Bayansu talakawa suka yi ta kwarara, ana tafe ana neman na abinci: wannan wanzanci, wancan ga-ruwa, wani cirar auduga a gonakin Jazira, wani koyar da allo. Wani ya isa bayan shekaru, wani ya yi zango ya zama ɗan gari, wani ƙabarinsa yana wani daji da ba wanda ya san sunansa.

Yau maniyyaci yana tashi daga Njamena ko Garwa, cikin 'yan sa'o'i sai ga shi a ƙasa mai tsarki. Wahalar ta koma aljihu, domin kujerar Makka daga Kamaru a shekarun nan ta haura miliyan uku na sefa. Da ƙafa ne ko da jirgi, tambayar ba ta sauya ba: me ke can da zai sa mutum ya bar gonarsa da danginsa, ko ya kwashe tarin shekara goma ya miƙa a rana ɗaya? Waɗanda suka je sun sani cewa babu wani abin kallo da ya kai wannan kuɗi. Kwari ne tsakanin duwatsu, ga zafi, ga cunkoso.

Amsar tana cikin kalmar farko da alhaji yake furtawa. A sura ta 22, aya ta 27, Allah ya umarci Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya yi shela ga mutane su zo hajji, ya ce za su zo masa a ƙafa da kan raƙuma ramammu, daga kowace hanya mai nisa. To, wanda ya ɗaura harami ya ce "Labbaikallahumma labbaik", amsa wannan shela yake yi. Mu Hausawa ba baƙin kalmar ba ne. Almajiri in malaminsa ya kira shi, "labbaika" yake cewa yana tasowa, bai jira ya ji ko aike ne ko faɗa ba. Haka hajji yake. An kira ka, ka taso, kuma mafi yawan abin da za a sa ka yi a can ba a yi maka bayanin dalilinsa dalla-dalla ba. Sallah akwai karatu da hankali yake bi, zakka ana ganin amfaninta a hannun talaka, azumi ma mutum yana jin aikinsa a jikinsa. Amma kewaya ɗaki sau bakwai, da jifan ginshiƙi da tsakuwa, da kwana a fili? Nan ne bauta take fitowa tsantsarta, domin babu abin da ya motsa ka sai cewa Ubangijinka ne ya ce. Sayyidina Umar ya faɗi wannan a fili ranar da ya tsaya gaban Hajarul Aswad, ya ce ya san dutse ne, ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, kuma ba don ya ga Manzon Allah (SAW) yana sumbatarsa ba, da bai sumbace shi ba. Wanda ya riƙe wannan magana ba zai tattake tsoho don ya taɓa dutsen ba, kuma ba zai ji hajjinsa ya ragu don ya nuna shi da hannu daga nesa ba.

Kiran ba a kan kowa ya wajaba ba. Sura ta 3, aya ta 97, ta rataya shi ga wanda ya sami iko, kuma sau ɗaya ne a rayuwa. Abin da ya sa kakanninmu suka ga suna da iko alhali ba su da ko sisi shi ne fahimtar mazhabarmu ta Malikiyya. Malamanta sun ce iko shi ne mutum ya iya isa ba tare da wahala mai tsanani ba, da amincin rai da dukiya, ko da a ƙafa ne, ko da ba shi da guzuri, matuƙar yana da sana'ar da za ta riƙe shi a hanya. Shi ya sa kakana ya ɗauko kayan dukanci. Bai fito don bara ba. An ruwaito cewa wasu mutanen Yaman suna zuwa hajji hannu rabbana, suna cewa su masu tawakkali ne, in sun iso Makka sai roƙo, sai aya ta sauka ta ce ku yi guzuri, kuma mafi alherin guzuri shi ne tsoron Allah. Wannan yana da amfani a tuna yau, domin akwai masu shiga da bizar ziyara su laɓe har lokacin aiki, ba tanti ba mota. A hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 50 a Makka, sama da mutum 1,300 suka rasu, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mafi yawansu ba su da izinin hajji. Allah ya jiƙansu, ya karɓi niyyarsu. Amma a gaya wa masu rai gaskiya: wanda hanya ba ta buɗe masa ba, ba a ɗora masa jefa kansa cikin halaka ba.

Sannan guzurin ya zama na halal. Hadisi ya ba da misalin mutumin da ya yi doguwar tafiya, gashi birkice, jiki duk ƙura, yana ɗaga hannu yana "Ya Rabbi, ya Rabbi", alhali cinsa haram ne, shansa haram ne, suturarsa haram ce, to ta yaya za a amsa masa? Ni ina ganin hajji a nan yake farawa, tun kafin a yi fasfo. Al'adarmu ta bin gida-gida ana cewa "a yafe mini, zan tafi" kyakkyawa ce, sai dai an fara mayar da ita gaisuwa. Yafiyar baki ba ta biyan bashi. Wanda ya riƙe gadon ƙannensa mata, ko kuɗin yaron shagonsa, ko ya ci iyakar gonar maƙwabci, ya mayar kafin ya hau jirgi, domin malamai sun yi bayani cewa gafarar da ake samu a hajji ba ta sauke haƙƙin mutane daga wuyan wanda ya ci.

Sai harami. A nan nake so a daɗe, domin mu mutanen wannan yanki mun san abin da tufa take faɗa. A Garwa ko Marwa ko Ngaundare, kafin lamiɗo ya buɗe baki rawaninsa ya riga ya yi magana. A kasuwar Kusiri, daga ɗinkin hula da naɗin kadamul da irin shaddar da ke jikin mutum, ana gane ƙabilarsa da nauyin aljihunsa, har a san irin gaisuwar da za a yi masa. To, a mikati duk wannan ake tuɓewa. Namiji ya yi wanka, ya ɗaura ƙyalle ɗaya, ya yafa ɗaya, kai a buɗe, babu ɗinkakkiyar riga, babu turare, babu aski, babu yankan farce. Mace tana cikin suturarta, amma ita ma ta bar ƙamshi da ado. Ba a farauta, ba a ɗaura aure, miji ba ya kusantar matarsa. Abubuwan da suke halal jiya an hana ka su yau, domin ka gane cewa ba su ne kai ba.

Duk wanda ya taɓa wankan gawa, da ya ga ƙyallayen nan biyu zai tuna likkafani, kuma ba a banza ba. A hajjin bankwana wani mutum ya faɗo daga kan raƙumarsa a Arfa ya rasu, Manzon Allah (SAW) ya ce a wanke shi, a sa shi cikin ƙyallayensa biyu, kada a sa masa turare, kada a rufe kansa, domin za a tashe shi ranar ƙiyama yana talbiyya. Ka ga ashe haramin tufar tafiya ce ta gaske. Ka bar gida, ka yi wasiyya, ka nemi yafiya, an raka ka ana kuka, an sa maka farin ƙyalle, za ka je ka tsaya a fili da miliyoyin mutane kana jiran hukunci. Bambancin kawai, wannan karon ana barinka ka dawo ka gyara.

Kuma akwai haramin da ya fi na tufa wuya, wato na harshe. Sura ta 2, aya ta 197, ta ce babu batsa, babu fasiƙanci, babu jayayya a cikin hajji. Mai karanta ayar a gida zai ga abu ne mai sauƙi. Sai ka shiga tantin Mina, mutum da yawa katifa na gogar katifa, layin banɗaki ya yi tsawo, motar da aka ce za ta zo ba ta zo ba, wani ya ɗauke maka takalmi, sannan za ka san me ya sa aka ambaci jayayya da sunanta. Shekarar da Allah ya nufe ni da zuwa, abincinmu ya yi jinkiri wata rana tun azahar har dare, na ga dattawa masu furfura suna ɗaga murya. A gefena akwai wani tsoho Bafulatani daga wajen Ngaundare, ya ciro dabino uku daga jakarsa, ya miƙa mini ɗaya, ya miƙa wa wani Bakotoko ɗaya, ya ci gaba da jan carbinsa. Ban san sunansa ba har yau, amma in aka ce hajji karɓaɓɓe, fuskarsa nake gani.

Ɗawafi ba na tsawaita magana a kansa, domin wanda bai shiga cikinsa ba bayani ba zai isar masa ba. Abin lura kawai, duk rayuwarka kana fuskantar gabas in za ka yi sallah, daga Kusiri, daga Abeshe, daga ko'ina. A can sai gabas ta ƙare. Mutane suna sallah ta kowace kusurwa suna kallon juna, Ɗakin yana tsakiya. Kuma Ɗakin ba shi ake bauta wa ba. Waɗanda suka ɗaga harsashinsa, Annabi Ibrahim da ɗansa Isma'ila, suna aikin suna roƙon "Ubangijinmu ka karɓa daga gare mu". Annabawa biyu suna gina Ɗakin Allah da umarnin Allah, amma ba su ɗauka an riga an karɓa ba. Wannan ya isa ya sanyaya jikin duk wanda ya dawo yana ganin ya gama da Aljanna.

Safa da Marwa kuwa, mu nan in aka ce Marwa gari muke fara tunowa, amma can wasu duwatsu ne biyu da tazararsu ba ta kai rabin kilomita ba. Labarinsu na mace ne, kuma 'yar wannan nahiya tamu, domin Nana Hajara daga Masar take. Annabi Ibrahim ya kawo ta da jaririnta wannan kwari da babu shuka babu ruwa babu kowa, ya ajiye musu jakar dabino da salkar ruwa, ya juya. Ta bi shi tana tambaya ina za shi ya bar su, bai waiwayo ba. Sai ta ce, "Allah ne ya umarce ka da wannan?" Ya ce e. Ta ce, "To, ba zai tozarta mu ba." Ta koma ta zauna.

Wanda ya san watan Afrilu a Kusiri, lokacin da iska take kamar bakin murhu, ya san me ake nufi da salka ta ƙare ga mace mai shayarwa. Ruwa ya ƙare, yaro yana murƙususu. Ita da ta ce Allah ba zai tozarta su ba, ba ta naɗe hannu ba. Ta hau Safa ta duba, ba kowa. Ta gangaro, da ta iso cikin kwari ta tattare zaninta ta yi gudu, ta hau Marwa ta duba, ba kowa. Haka har sau bakwai. Ruwan kuma bai fito a Safa ba, bai fito a Marwa ba, a wajen yaron ya ɓuɓɓugo, inda mala'ika ya daki ƙasa. Ina roƙon mai karatu ya tsaya a nan. Gudunta bai haƙo rijiyar ba, amma ba a ba ta ruwan ba sai da ta yi gudun. Duk mai nema a cikinmu, mai turin kaya a gadar Ngeli da ta haɗa Kusiri da Njamena, da matar da take suyar ƙosai don kuɗin makarantar 'ya'yanta, da manomin da ya zuba iri yana kallon sama, a tsakanin waɗannan duwatsu biyu yake. Allah ya so wannan kai-kawo na uwa har ya mayar da shi rukuni, hajji ba ya inganta sai da shi. Sarakuna da malamai da attajirai, in sun iso wurin koren fitila, sunna ce su ɗaga ƙafa su yi sassarfa a inda ta yi. Namijin da ya bi sawun Hajara sau bakwai, ya dawo gida yana wulaƙanta matarsa ko yana ganin wahalar uwa ba komai ba ce, ƙafarsa ce kawai ta yi sa'ayi.

Ranar 8 ga Zulhajji a tafi Mina, ranar 9 a wuce Arfa, kimanin kilomita 20 daga Makka. Manzon Allah (SAW) ya ce hajji shi ne Arfa. Wanda ya rasa tsayuwar ya rasa hajjin wannan shekara, kuma a Malikiyya sai an kai wani yanki na dare bayan faɗuwar rana a cikin filin. Abin mamaki, rukunin da ya fi kowanne girma shi ne wanda ba a yin komai a cikinsa. Babu kewaye, babu gudu, babu gini da za a kalla. An haɗa azahar da la'asar an yi ƙasaru tun da wuri don a ba ka yinin gaba ɗaya, har azumi ba a so alhaji ya yi, domin kada ya raunana ga addu'a. Kai ne da Ubangijinka da abin da ka aikata. Mutane kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas ne suka tsaya a 2023, kowa yana kuka da harshensa, kuma hadisi ya tabbatar babu ranar da Allah yake 'yanta bayi daga wuta kamar wannan rana. Abin da yake ba ni tausayi shi ne ganin wanda ya biya miliyoyi, ya iso wannan yini da ba lalle ya sake gani ba, ya ƙarar da shi yana ɗaukar kansa hoto yana aika wa gida. Gida za su jira. Rana in ta faɗi ta faɗi.

Akwai wani tarihi na Arfa da ya kamata a riƙa karanta mana. Kafin Musulunci, Ƙuraishawa ba sa fita zuwa Arfa. Suna tsayawa a Muzdalifa, suna cewa su mutanen Harami ne, ba za su tsaya inda sauran Larabawa suke tsayawa ba. Sai sura ta 2, aya ta 199, ta ce ku gangaro daga inda mutane suke gangarowa. Manzon Allah (SAW), shi da yake Baƙuraishe, ya wuce Muzdalifa ya je ya tsaya tare da kowa. Aya ta gaba ta ce in kun gama ayyukanku ku ambaci Allah kamar yadda kuke ambaton iyayenku, ko fiye, domin da al'adarsu ce su taru bayan hajji suna kirarin kakanni. Wannan ciwon muna da shi. Muna da "ɗan asali" da "ba ɗan asali ba", muna da gidan da ba a ba wa aure saboda abin da aka ce kakansu ne, muna da wanda ya musulunta shekara talatin amma har yau ana kiransa tubabbe.

A wannan fili ne, a shekara ta 10 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya yi huɗubar da ya ce jininku da dukiyoyinku haramun ne a tsakaninku kamar alfarmar wannan rana, a wannan wata, a wannan gari. Ya soke riba, ya fara da ta baffansa Abbas. Ya soke ramuwar jinin jahiliyya, ya fara da na gidansu. Ya yi wasiyya da a ji tsoron Allah game da mata. A Mina kuma ya ce Balarabe ba shi da fifiko a kan wanda ba Balarabe ba, haka fari a kan baƙi, sai da taƙawa. Bayan wata uku ya bar duniya. Mu da muka ga Disamban 2021, lokacin da rikicin ruwa tsakanin makiyaya da masunta da manoma ya taso daga yankin Logon Birni ya iso har cikin Kusiri, aka ƙona dukiya, dubban mutane suka ƙetare kogi zuwa Cadi, ba ma buƙatar a fassara mana wannan huɗuba. Da yawa daga ɓangarorin biyu alƙibla ɗaya suke kallo, kuma a kowane ɓangare akwai alhazai.

Bayan faɗuwar rana sai Muzdalifa, a kwanta a ƙasa, mai kuɗi da talaka, sama ce rufin kowa. Da safe a koma Mina a yi jifa: tsakuwa 7 ranar sallah, 21 washegari, 21 a rana ta uku, wanda ya ƙara kwana ya cika 70. Ƙanana ake so, kuma a daidai nan ne Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi a kan wuce gona da iri a addini. Masu jifa da takalmi suna zagi sun ɗauka Shaiɗan yana ɗaure a jikin ginin. Ana tuna yadda Annabi Ibrahim ya kore shi ne lokacin da ya so ya hana shi bin umarni, kuma kowa ya san inda nasa yake jiransa, a shago ne ko a waya ko a zuciya. Hadaya ma haka, sura ta 22, aya ta 37, ta ce namanta da jininta ba sa isa ga Allah, taƙawarku ce take isa. Wannan ayar ta shafi ragon layyarmu na gida, wanda wasu suke saye don a gani a ƙofar gida. Sai aski, sai ɗawafin ifala, sai na bankwana.

Daga nan sai dawowa, inda ake gane abin da aka samo. An yi alkawari cewa wanda ya yi hajji bai yi batsa ba bai yi fasiƙanci ba, zai koma kamar ranar da uwarsa ta haife shi, kuma hajji karɓaɓɓe ba shi da sakamako sai Aljanna. Jariri ba shi da taƙama. Amma mu mun ɗauki ibadar da aka shirya don ta tuɓe wa mutum girma, mun mayar da ita rawani. Akwai wanda in ka kira sunansa ba ka sa "Alhaji" ba, ba zai amsa ba. Ba mu ji ana cewa Alhaji Abubakar ko Alhaji Umar ga sahabbai ba, kuma ba wanda ake kira da laƙabi don ya yi azumi. Ban ce a daina kiran dattawa da shi ba, ladabi ne mai kyau a bakin mai kira, kuma a zamanin tafiyar ƙafa wanda ya je ya dawo ya cancanci a girmama shi. Hatsarin yana wajen wanda yake nema a kira shi. Haka tsaraba: dabino da zamzam da carbi alheri ne, amma in tunanin akwati da haƙorin Makka ya cinye kwanakin Madina, an yi asara. Masu zuwa kowace shekara kuma, alhali Manzon Allah (SAW) sau ɗaya ya yi bayan hijira, ina ganin ya dace su dubi gabashin Cadi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, garin Adre, wanda kakanninmu suka bi suna fuskantar gabas, ya cika da mata da yara da suka biyo hanyar suna fuskantar yamma. Kuɗin kujera ɗaya ta nafila zai shayar da Hajara da yawa a can.

Wanda bai samu zuwa ba fa? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, duk da begen da ya yi ta yi na ziyartar Manzon Allah (SAW), bai samu zuwa ba har ya rasu a 1817. A hanyar Tabuka, Manzon Allah (SAW) ya gaya wa sahabbai cewa akwai wasu mutane a Madina da ba a ratsa wani kwari ba face suna tare da su, uzuri ne ya tsare su. Kuma an ba mazauna gida rabonsu: kwanaki goman farko na Zulhajji, da azumin ranar Arfa da yake kankare zunubin shekarar da ta wuce da mai zuwa, da layya.

Bayan na dawo, mun zauna da 'yan uwana a kan maganar kakanmu, ko za a haɗa kuɗi a yi masa hajji. Na je wurin malaminmu na ce, "Allah gafarta malam, ya halatta?" Ya ce malamai sun yi saɓani, akwai hadisan da suka nuna ana yi wa mamaci, sai dai Malikiyya ba su ƙarfafa shi ba in bai bar wasiyya ba. Sannan ya tambaye ni ko a cikin 'ya'yansa akwai mai rai da bai je ba. Akwai. Goggonmu ce, yayar mahaifina, ita ce jaririyar da aka haifa a Fort Lami shekarar da damina ta rufe hanya. Ta tsufa, amma tana zuwa kasuwa da ƙafarta. Da muka je muka gaya mata, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ku yi sauri dai, 'ya'yan nan." Asusun yana hannun yayarmu, kowa yana zuba abin da ya samu a ƙarshen wata, kuma zuwa yanzu an kusa rabi.